Bargon da Yaya ta Shirya

A gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ɗakin Kaka ne na ƙarshe, can inda katanga ta jingina da dutse. Ita ta haifi mahaifinmu. Iyayenta daga Barno suka zo, kuma har ta bar duniya, in ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa. Ba ta da wani aiki da ya wuce haɗa ƙyallaye. Telolin unguwa sun san ta, duk abin da almakashi ya zubar sai su tara mata a buhu. Ta wanke, ta shanya a kan dutse, ta jera su a tabarma ta yi ta jujjuyawa har sai idonta ya yarda, sannan ta ɗauki allura. In fuskar ta haɗu, sai ta sa tsohon zane a tsakiya, akoko a baya, ta bi su da ɗinki layi-layi har ukun su zama abu ɗaya. Lokacin ɗari duk gidan da bargunanta muke rufa.

Mu biyu ne jikoki mata a gidan, ni da yayata wadda ta ba ni shekaru da ɗan dama. Ina ce mata Yaya, ita kuma tana ce min Auta, don daga kaina mahaifiyarmu ba ta sake haihuwa ba. Wata rana da hantsi Kaka ta zaunar da mu, ta ba kowace allura da ƙyalle biyu, ta ce mu haɗa. Yaya ta gama da wuri ta miƙa. Ni na daɗe, don ƙyallayen da aka ba ni ba su yi min ba, sai da na laluba buhu na sauya ɗaya. Kaka ta duba na Yaya ta ce ya yi. Ta duba nawa, ta juya bayansa, ta ja da hannu biyu ta ga bai buɗe ba. Sai ta dubi mahaifiyarmu da ke tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Wannan ki bar min ita."

Iyakar maganar ke nan. Ba wanda ya zauna ya raba mana aiki. Amma daga ranar, in an kira ni wanke-wanke, Kaka ta ce ina riƙe mata zare. Abin da aka sauke daga kaina kuwa kan Yaya aka ɗora shi.

Wanda bai zauna Damagaram a shekarun nan ba, ba zai gane abin da ake nufi da ɗebo ruwa ba. Tun asuba ake kai tulu layi, wani lokaci rana ta take famfon bai ko yi tari ba. In ya ƙi, sai a nufi rijiyoyin bayan gari. Yaya takan yi sawunta, ta yi nawa. Ina zaune a inuwar ɗakin Kaka ina ganin shigowarta, ruwa na bin wuyanta, ta juye a randa, ta gyara gammo ta sake fita. Kallon da ake yi wa fitowar rana nake yi mata, abin da ke faruwa kullum. Hankalina yana kan ko shuɗi zai zauna kusa da ruwan goro. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, makarantar boko, ni aka rubuta, don Yaya ta wuce shekarun, kuma gida ba ya yi sai da ita.

Ina son aikin nan so irin wanda ban yi wa mutane da yawa ba. Har yau, in na zazzage buhu a ƙasa, warin sabuwar atamfa ya tashi, sai in ji zuciyata ta yi wasai. A gidan biki mata na gaisawa, ni ina kallon zannuwansu ina yanka su a raina. Kaka dara-daran ƙyallaye take haɗawa, ni kuwa sai na koma yanka su ƙanana, masu kusurwa uku, ina jera su su ba da tauraro, ko sawun kaza, ko irin zanen da magina ke yi a fuskar tsofaffin zaurukan Birni. Kafin ta rasu ta ga irin nawa, ta ce na cika wahalar da kaina, amma ni ta bar wa almakashinta.

Yaya ta yi aure a unguwar Zango, gidan wani mai fataucin fata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni kuma da na bar kolej aka ɗaura min aure da wani ma'aikacin buro, wato ofis, muka zauna a Sabon Gari. Da na yaye 'yata ta fari, Yaya ta zo da zanen goyo ta tafi da ita, kamar yadda aka saba, tunda 'yar fari ko sunanta uwa ba ta faɗa. Mutane suka yaba min kara. Amma da na koma ɗaki ranar na ga tabarma shimfiɗe, ba mai tattake min ƙyallaye, sauƙi na ji. Na yi kewar yarinyar, har kuka na yi da yamma, sai dai sauƙin ya riga kukan zuwa.

Bayan nan na samu aiki a fuwaye, inda ake koya wa mata ɗinki da saƙa. Mijin Yaya ya rasu yarinyar ba ta daɗe da shiga lakwal ba. Lokacin iyayenmu ma sun rasu, gidan Birni ya cika da iyalan 'yan'uwanmu maza. Da ta fita takaba sai maigidana ya ce ta zo wurinmu ita da yarinyar, kafin a gyara mata ɗaki a can. Ba a taɓa gyara ɗakin ba, ba kuma wanda ya sake ta da maganar.

Satin da ta zo ta karɓi madafa, ni ban hana ba. Maza biyun da na haifa daga baya a bayanta suka yi barcin rana. Ita ta san ranar da ruwa ke zuwa unguwarmu, ita ke tashi ta cika randuna da jarkokin nan da muke ce wa bido-bido. Ni in dawo daga fuwaye, in yi salla, in ci abin da na tarar, in shige ɗakin ɗinki. Abokan aikin maigida in sun ci abinci a zaure, sai su aiko a gaida Madam, a ce miyarta ba ta biyu. Yaya ta yi dariya ta ce, "Auta, fito ki karɓi yabonki." Ni ma in yi dariya.

Ba wai ban san ana yi min alheri ba. Na sani, kuma ina da hanyar da nake ganin ina sakawa. Kowace shekara kafin ɗari nakan ɗinka mata sabon bargo, kuma a kansa nake zuba duk iyawata. Ƙyallayen da suka fi kyau nake ware mata: ja, ruwan ƙwai, tsanwa shar, ruwan goro mai ɗaukar ido. In na kai mata, ta shimfiɗa a gado, ta shafa, ta ce, "Allah ya ƙara basira." In baƙi sun zo ta kai su ɗakinta su gani. Nakan lura da safe tsohon gwadonta ne a ƙafar gado a tattare, nawa kuma a ninke gefe, sai ta gama shara ta shimfiɗa shi. Na ɗauka tattalinsa take yi.

Shekarar da maigida ya bar aiki, Yaya ta fara cewa kanta na sara mata. Takan aika a sayo mata ƙwaya, ta sha, ta ɗaure kai da ɗankwali ta ci gaba da aikinta. Nakan ce mata ya kamata mu je likita, ta ce to, ni ma in ce to, maganar ta wuce.

Ranar da ta faɗi ina Kasuwar Dole wurin teloli. Maigida ne ya dawo daga sallar azahar ya same ta kwance a gindin murhu, ludayi a gefe, bakinta ya karkace. Ya yi ta kiran wayata, ita kuwa tana can ƙasan jaka, ni ina durƙushe ina tsince-tsince. Da na sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, maƙwabciyarmu ta tare ni ta ce in wuce gidan likita. Na juya na hau wani. Sai da na isa bakin gadonta, na ga maigida yana kallon hannuna, sannan na gane buhun ƙyallayen nake riƙe da shi har lokacin. Na tura buhun ƙarƙashin gado da ƙafa.

Likita ya ce tansiyo ne, jininta ya daɗe yana hawa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. 'Yata ta fari, wadda lokacin take aikin jinya a garin Mirriya, ta iso da la'asar. Ta wuce ni a bakin ƙofa da gaisuwa a taƙaice, ta durƙusa gaban gadon tana cewa, "Inna, ga ni, Inna." Ni Anti take ce min tun tana ƙarama. Ban taɓa jin zafin haka ba, ranar ma ban ji ba. Na dai ga kowa ya tsaya inda ya gina wa kansa.

Da aka sallame mu, yarinyar ta koma bakin aikinta, jinya ta dawo kaina. Na tsufa a gidan nan, amma ban san inda ake ajiye daddawa ba. Tuwona in bai yi gudaji ba ya kama. Ruwa ya zo ya tafi ina barci, sai na aika neman 'yan ga-ruwa. Yaya na jingine da bango a kan tabarma tana bin ni da ido, ta buɗe baki za ta gyara min, maganar ta ƙi fita daidai, sai ta nuna da hannun hagu. Maigida ya ci abin da na dafa bai yi ƙorafi ba, amma sai na ga ya fara tsayawa wurin mai ƙosai da yamma.

Wanka ne ya fi min wuya. Ranar farko na zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, na kwance mata ɗankwali. A tsakiyar kanta akwai wuri kamar faɗin tafin hannu inda gashi ba ya fita, fatar ta yi kauri tana sheƙi. Wurin gammo ne. Wuyanta ya ɗan shige cikin kafaɗu. Na kama hannunta da ya mutu ina cuɗawa, na ji tafin kamar fatar ganga, ga tabon ƙuna tsoho da sabo har gwiwar hannu. Ga nawa a kansa, sumul, ba abin da ya same shi sai ɗan kanta a kan yatsa inda gindin allura ke tokara. Uwa ɗaya ta haifi hannayen nan. Na yi ta zuba mata ruwa fiye da yadda wankan ke bukata, don kada in zagayo gabanta ta ga fuskata.

Watanni ban taɓa allura ba. Na rufe ɗakin ɗinki na rataye makulli. Da a ce zuciyata ta rufu tare da ƙofar, da na ji dama. Ina ba ta kunu a cokali, idona na kan zanen wata da ta zo dubiya. Ina wanke mata zannuwa, ina shirya tauraro a kaina. Wani lokaci in ta kira ni, "Auta," da muryar nan mai nauyi, sai in ji wani ɗan ɓacin rai ya taso kafin in danne shi in amsa. Ita da ta yi shekaru tana amsa kiran kowa a gidan nan, ban taɓa ganin irinsa a fuskarta ba. Nakan yi istigfari, gobe ya sake tasowa.

Akwai mai gasa mata jiki da ke zuwa daga gidan likita, yana motsa mata hannu da ƙafa. Shi ya ce a riƙa ba ta ƙananan abubuwa tana ɗauka tana ajiyewa, ko wake ko tsakuwa, don yatsun su tuna aikinsu. Yaya ta ƙi wake. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a ba ta wasan banza. Da na faɗa wa 'yata a waya, sai ta ce, "Anti, ba ki da ƙyallaye? Ki ce ta ware miki su, sai ta ga aiki ne."

Na buɗe ɗakin, na jawo buhu na zazzage mata a tabarma. Na ce ta ware min kowane launi wuri guda. Hannun dama bai yi wani abin kirki ba, yana dai dannewa, hagun ke aikin. Ta yi kwanaki tana yi. Wata rana da hantsi na fito daga madafa na ga ta ture tulin gefe, ta share tsakiyar tabarma, tana jera wasu. Dara-dara ta zaɓa, waɗanda ni nake ajiyewa don bayan bargo: baƙin shuni da ya sha wanki, ruwan ƙasa, ruwan toka, da farin da ya tsufa ya koma kamar madara. Ta sa wannan, ta ja baya da kai ta duba, ta ɗauke ta sa wancan.

Na tsaya a kanta ina kallo. Abin ya yi min duhu. Na sunkuya na ɗauko wani jan ƙyalle mai kyau na ɗora a tsakiya, na ce, "Yaya, ga abin da zai tashe shi."

Ta sa bayan hannu ta ture shi har ya bar tabarmar. Maganarta lokacin ta fara dawowa, a hankali, kalma na jiran kalma. Ta ce, "Ja yana hana ni barci."

Na ce, "Ciwon ne ya kawo haka?"

Ta girgiza kai. "Tun ina yarinya."

Na zauna a bakin tabarmar. Na ce, "To bargunan da nake miki fa?"

Ta ce, "Suna da kyau."

"Amma ba kya rufa da su."

"Ina shimfiɗawa. Kowa ya gani ya yaba." Ta ɗauki wani ruwan toka tana neman masa wuri. "Da dare in na rufa, ko fitila a kashe, sai in ji kamar ana hayaniya a kaina."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa min, shekara da shekaru?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki. Ta ce, "Ana zaɓe a kyauta?"

Mata da yawa sun wuce ta hannuna a fuwaye. Nakan dubi amarya sau ɗaya in faɗa mata launin da zai karɓe ta, kuma ba na kuskure. Wadda muka kwana ɗaki ɗaya muna yara, muka tsufa gida ɗaya, a ranar na san launin da take so. Na tashi na koma madafa na zauna gaban tukunya, ban sa mata wuta ba.

Da yamma, bayan na ba ta magani, na ce, "Yaya, ranar da Kaka ta ba mu allura, kin tuna?"

Ta ce ta tuna.

"Kin so a ce ke ta zaɓa?"

Ta gyara hannunta na dama a kan cinya. Sannan ta ce, "Na so. Kwana biyu abin na cina. Daga baya na manta."

Sai na fara magana, ban san inda zan tsaya ba. Na kawo ruwan da ta ɗebo, na kawo lakwal, na kawo yaran da ta goya da miyar da na karɓi yabonta, da ciwon kan da na ji tana faɗa na bar shi ya wuce. Na ce ta yafe min. Hawaye na zuba, ina riƙe da hannunta mai lafiya.

Ta zare hannun. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci da ni irin na ranar ba. Ta ce, "Auta, kada ki mai da ni abar tausayi."

Na ce ba haka nake nufi ba.

Ta ce, "Haka kike nufi. Kin zauna kin jera rayuwata kamar ƙyallayenki, kin ga duk baƙi ne." Ta tsaya ta huta, ta goge gefen bakinta. "Kin san wa na sani a layin famfo? Rabin matan Birni. Can muke dariya, can muke jin labarin gari, ke kina ɗaki da tsohuwa tana zaginki da Barbarci. Ni har tausayinki nake ji. Na yi miji mai sona. Na yi 'ya. Na ciyar da gida, kowa ya ƙoshi. Ba a ɗaure ni ba."

Na ce, "Duk da haka, nauyin ya yi miki yawa."

Ta ce, "Ya yi yawa. Wani lokaci na ji haushinki, ba zan ce ban ji ba. Amma yafiyar da kike nema, don ki samu sauƙi ne. Ni ba ta ƙara min komai." Ta nuna tabarmar da haɓa. "In kina son yi min abu, ɗinka min wancan. Yadda yake."

Na ɗinka shi yadda yake. Ban taɓa aikin da ya gwada ni kamarsa ba, ga shi kuwa ba wani yanka mai wuya a ciki. Akwai inda ta sa ruwan ƙasa biyu suna jingine da juna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. Duk lokacin da idona ya kai wurin sai yatsuna su yi ƙaiƙayi. Na bar su. A tsakar gida na yi ɗinkin, kusa da ita, tana gani. Ta ce kada in sa komai mai nauyi a tsakiya, don da hannu ɗaya za ta riƙa ja. Ta ce in ƙara masa faɗi ta dama, ɓarin nan ya fi jin sanyi. Ta ce layukan ɗinkin su yi nesa da juna, ya fi laushi. Duk bargunan da na yi a rayuwata ban taɓa tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni fuskar kawai nake gani.

Da na gama ban same shi da kyau ba, har yau kuma ban canza ra'ayi ba. Maƙwabta da suka gani sun ce wannan bai yi kama da aikina ba. Yaya ta ja shi da hagu ta rufe ƙafafunta, rana tsaka, ana zafi, ta ce ya yi.

Kafin damina bayana ya fara ciwo saboda ɗaga ta. 'Yata ta zo ta ga yadda muke fama, ta ce za ta tafi da ita Mirriya, gidanta da fili, ga aikinta kusa, ga yara masu taimakawa. Na ce sam, mutane za su ce me, ta gama yi min bauta na kai ta wani wuri. Muna cikin ja-in-ja Yaya ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Muka juyo muka dube ta. Ta ce, "Gun 'yata za ni." Ta faɗe shi ba don ta soke ni ba, kuma gaskiya ta faɗa. Na haɗa mata kaya. Bargunan da na yi mata tsawon shekaru ta ce a raba wa 'ya'yan 'yan'uwanmu masu shirin aure, ta tafi da gwadonta da sabon.

Ranar da motar ta tashi, na dawo cikin gida na share ɗakinta. Kafin la'asar ina zaune a ɗakin ɗinki da almakashi a hannu, raina fes. Na lura da hakan, na ji kunyar kaina, kuma ban ajiye almakashin ba. Haka nake har yanzu. Ina ɗinki kullum, idona da tabarau, kuma ina jin daɗinsa kamar da. Sai dai daɗin ya daina zuwa shi kaɗai.

Ina zuwa Mirriya ranar kasuwa, lokacin da motoci suka fi yawa, ko da yake ba kowane mako ba, kuma ya kamata a ce kowane mako ne. Yaya ta fara takawa da sanda. Ta yi ƙawaye a unguwar, tsofaffi irinta, suna zama gindin wata bishiya a ƙofar gida suna ɓarar gyaɗa, ita da hannu ɗaya da haƙori.

Zuwana na baya-bayan nan hadari ya haɗo da la'asar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ce zan jira ya tsagaita in nemi mota. Yaya ta ce, "Ki kwana mana. Me zai ƙone a can?" Na kira maigida na faɗa masa. Muka zauna a rumfa muna kallon ruwa na gudu a tsakar gida, jikoki na ta tsalle a ciki. Ba abin da zan riƙe a hannu, sai na rasa yadda zan yi da hannayena, na ɗora su a cinya.

Can na ce, "Yaya, mijinki wane irin mutum ne? Ni gaisuwa kawai ke haɗa mu."

Ta dube ni ta gefen ido, ta yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. Ta ce mutum ne mai tsoron kaza. Babban mutum, mai fatauci har Agadas, amma in kaza ta shigo ɗaki sai ya hau gado ya kira ta ta kore ta. Ta ce wata rana baƙi sun zo daga Kano cinikin fata, suna zaune a zaure ana lissafi, sai ga zakaran maƙwabta ya shigo yana taƙama. Dariya ta ci ƙarfinta, ta kasa ci gaba, sai da na ba ta ruwa ta sha. Na ce to sai me ya faru. Ta gyara zama, ta ce in bari ta faro min daga farko, daga yadda aka yi zakaran ya saba da gidan.